Darar Kufai

Lurwanu bai taɓa cin Faruku a dara ba. Tun suna 'yan ƙanana suke tona gurabe a gindin itacen bedin da ke bayan kasuwar Gangara, kuma kullum wasan wuri ɗaya yake ƙarewa: Faruku ya kwashe masa ɗiyan dara ɗaya bayan ɗaya, ya yi ɗan murmushinsa, ya saɓa sanda ya koma wajen shanu. Lurwanu jikan tsoho Barmo ne, gidan noma kaka da kakanni, a tsakiyar gari. Faruku kuwa ɗan Abdu ne, Bafulatanin da rugarsa ke gabas da gari, a bakin burtali. Ajinsu ɗaya a lakol, wato makarantar boko, kuma in ka ga ɗaya, waiwaya, ɗayan na tafe.

A daminar da suka shiga shekara goma sha uku, wata ranar kasuwa, manya suka tsaya a kansu suna kallo. Faruku ya cinye Lurwanu, aka sake kasawa, ya sake cinye shi. Wani mai sayar da igiya ya leƙo ya ce, "Kai yaro, koma ka kama hauya. Dara ba gadon gidanku ba ce." Aka fashe da dariya. Faruku bai yi dariya ba, amma Lurwanu ya ga gefen bakinsa ya motsa, kuma wannan ya fi dariyar mutane ci masa rai.

Ana haka sai Abdu ya ƙwala wa ɗansa kira ya zo ya taya shi riƙe wani maraƙi. Faruku ya tashi a guje, ya bar ɗiyan dararsa a ƙasa. Ƙwallayen aduwa ne da ya daɗe yana gogewa har suka yi sheƙi kamar an shafa musu mai. Lurwanu ya duba dama da hagu, ya tattara su ya zuba a aljihu. Da Faruku ya dawo yana lalube a ƙasa, sai ya ce masa, "Ƙila awaki ne suka haɗiye." Har ma ya durƙusa ya taya shi nema.

Washegari Hadiza, uwar Lurwanu, ta aike shi ya yiwo wa akuyarsu ciyawa. Maimakon ya tsaya a bayan gari, ƙafa ta ja shi har kufai, inda tsohon gari yake kafin rijiyoyinsa su ƙafe mutane su tashi. Babu abin da ya rage a can sai kukoki da fasassun tukwane da sabara, kuma yara ba su cika zuwa ba, balle da rana tsaka. A gindin wata kuka ya ga wani faffaɗan dutse kamar na niƙa, amma jikinsa duk guraben dara ne, a jere, sumul, kamar jiya aka tashi daga kansa. An sha ruwa da iska kwana biyu da suka wuce, amma ko ƙwayar yashi babu a cikinsu.

Ya ajiye lauje ya zauna. Ya zaro nasa ɗiyan, gutsattsarin karan dawa da ya ɓalle daga darnin gidansu, ya zube na Faruku a ɗaya gefen. Ya ce a ransa bari ya yi wasa shi kaɗai, ya ci aduwar nan ko sau ɗaya ne. Ya saka kara a gurbi.

Sai ƙwallon aduwa ɗaya ya gangaro da kansa, ya hau dutsen, ya faɗa wani gurbi.

Lurwanu ya yi tsalle baya yana a'uziyya.

"Ka riga ka fara. Zauna."

Muryar kamar ta tsohuwa ce wadda ba ta da sauran haƙori. Ya ɗaga kai ya ga wata hawainiya a kan reshen sabara, ido ɗaya a kansa, ɗayan a kan dutsen. Ƙafafunsa suka ce gudu, amma idonsa ya koma kan gurbin da aduwar ta zaɓa. Nan ne daidai inda Faruku ke fara sakawa kullum. Ya zauna.

Suka kasa har suka ƙare, aduwa na gangarowa da kanta. Faruku yana da wani hali a dara: yakan bar maka ɗa ɗaya ka ci ka ji daɗi, sannan ya rufe ka ruf. Aduwar ma haka ta yi. Lurwanu ya jera karansa uku, ya ɗauki ƙwallon da aka bar masa. Ya ji shi da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu, kafin ya ankara ya narke a tafin hannunsa, ya shige fata.

"Ka ci," in ji hawainiya. "In mai ɗiyan ba ya nan, ɗaya ake ci a yini. Tahi."

Da la'asar suka haɗu da Faruku a gindin bedi. Faruku ya tsinto tsakuwa a madadin aduwarsa, suka kasa. Lurwanu ya dubi guraben sai ya ga komai a buɗe kamar hanyar kasuwa, ya san inda zai bi tun kafin ya taɓa. Faruku kuwa ya riƙe tsakuwa yana jujjuyawa a hannu.

"Lurwanu, wai ya ake yi ma? Kaina ya toshe."

Lurwanu ya cinye shi ƙurmus. Kasuwar da ta zagayo ya zauna da mai igiyar nan ya cinye shi a gaban jama'a, har wani ya saya masa ƙosai. Faruku na tsaye a bayansa yana ta murna, yana gaya wa mutane, "Abokina ne." Lurwanu ya cusa ƙosai a baki, ya ƙi waiwayawa ya dube shi.

Ya koma kufai. Ɗiyan na nan yadda ya bar su, amma aduwar ta sauya. Yanzu gantali kawai take yi daga gurbi zuwa gurbi, kamar tumakin da suka ɓace wa mai su. Ran nan fura babu nono ya sha ya fito, don akuyarsu ta tsufa ta ƙafe, yana tafe yana tunanin ƙwaryar kindirmon da ke gaban Faruku kowace safiya. Bai sha wuya ba ya jera uku, ya ɗauki na biyu.

Da asuba Hadiza ta tashe su da salati. Hantsar tsohuwar akuyar ta cika har tana ɗiga. Ta tatsa ta cika ƙwarya, ta sake ɗauko wata, ta aika a aro ta maƙwabta. Barmo ya tsaya yana kallo, ya ce shekarunsa duka bai taɓa ganin haka ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, aka yi sallama a tsakar gida. Zulai ce, uwar Faruku, wadda duk garin ya saba ganinta da ƙwarya a ka tana tallar nono. Yau ƙwaryar a hammata take, a kife, ga 'yar autarta Shatu a goye tana kukan da ba shi da ƙarfi. Suka gaisa da Hadiza, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gona, ta tambayi tsoho, ta sake tambayar gona. Sannan ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Zulai, lahiya dai?"

"Shanun ne. Ga ciyawa har gwiwa, amma ko ɗigo ba sa ba mu. Maruƙa na ta kuka. Ita kuma wannan na yaye ta, ba ta cin komai sai nono." Ta gyara goyon. "An ce akuyarku..."

Hadiza ta karɓe ƙwaryar da sauri don kada ta bar ta ta faɗi sauran.

"Haba, ai gida ne. Shekara nawa muna shan naki? Lurwanu, ciko mata."

Ya ciko ya kawo. Zulai ta karɓa da hannu biyu, ta dube shi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan kirki. Allah ya bar ku tare da ɗan'uwanka." Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Bai iya cewa amin ba. Hadiza ta daka masa tsawa, wai an yi masa addu'a ya tsaya kamar gunki.

Rana na take tsaka ya isa kufai yana haki.

"Mi nake ci?" ya tambayi hawainiya. "Gaya mini gaskiya, mi nake ci in na ɗauki aduwar nan?"

"Ka sani."

"Ina so in ji."

"Abin da ranka ya fi so a wurin mai ɗiyan, shi take ɗauko maka."

"To na fasa. A mayar masa."

"Ba a mayar da ɗan da aka ci sai wasa ya tashi. In ya tashi, kowa nasa ya koma masa."

"To bari in cinye su yanzu a huta."

Hawainiya ta juyo da idanunta duka biyu kansa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wanda ya zauna da kansa aka cinye shi, yakan miƙe ya kakkaɓe riga. Wanda aka cinye a bayan idonsa ba ya tashi."

Lurwanu ya ce to shi zai bari a cinye shi. Ya zauna, ya janye karansa, ya buɗe wa aduwar hanya. Amma aduwar ba ta ga hanyar ba, don wayon da za ta gani da shi yana cikin kan Lurwanu. Ta bi ta gefe tana yawo. Ya sake buɗewa, ta sake wucewa. Ana cikin haka karansa biyu suka zo kusa da juna, na ukun na gefe, tura ɗaya kawai ya rage. Ya kau da kai.

Daga can nesa, wajen burtali, ya jiyo Faruku na kiran shanu. Wani dogon kira ne da yake farawa ƙasa-ƙasa ya hau sama, kuma duk inda saniya take sai ta ɗaga kai ta taho. Lurwanu ya sha gwada shi a ɓoye a bayan gida, ko akuya ba ta taɓa waiwayo shi ba. Ya san abin da zai faru. Babu wanda ya ruɗe shi wannan karon, babu abin da bai sani ba. Ya tura karan.

"Ka ci," in ji hawainiya.

Washegari yana yankan ciyawa kusa da gonar wani manomi Magaji, sai ya ga garken Abdu ya ratse daga burtali. Geron Magaji ya fara fitar da kai, ya yi kyau har ana zancensa a gari. Faruku ya sha gabansu yana kira, amma abin da ya fito daga bakinsa kamar kukan ɗan tsako ne. Shanun ba su ko dube shi ba. Suka ture shi suka auka gonar. Ya bi su da sanda yana duka yana kuka, in ya koro wannan, waccan ta shige.

Lurwanu ya ji kiran na motsi a maƙogwaronsa. Da ya buɗe baki sau ɗaya, da duk sun fito. Amma mutane sun fara tahowa a guje daga gonaki, kuma in suka ji kiran Faruku a bakin jikan Barmo, mi zai ce musu? Babbar saniyar garken ta ɗaga kai daga cikin gero, ta dube shi tana jira. Ya sunkuya, ya ɓuya a bayan gamba, har aka gama ɓarnar.

Da yamma aka taru a ƙofar maigari. Magaji na ta kumfar baki, kuma da gaskiyarsa, rabin gonar ya kwanta. Aka yi ta magana, aka tsaya a kan Abdu zai ba da karsana. Wadda aka nuna ita ce Wule, mai farin goshi, wadda kawun Faruku ya ba shi, ita kaɗai ce tasa ta kansa a duk garken. Abdu bai yi gardama ba, bai kuma ɗaga wa ɗansa hannu ba. Ya dai dube shi a gaban mutane ya ce a hankali, "Na ɗauka makiyayi na haifa."

Faruku ne ya kwance igiyar da hannunsa ya miƙa wa Magaji. Da ya juyo ya hango Lurwanu a cikin taro, sai ya ɗan gyaɗa masa kai, kamar mai godiya da ya zo.

Lurwanu ya kasa cin tuwo. Ko warin nono ba ya son ji. Barmo ya ce, "Kai, mi ke cin ka?" Ya ce ba komai, ciki ne.

Gari na wayewa ya nufi ruga. Ya sami Faruku zaune a bayan bukka yana tuƙa igiya, don an hana shi fita kiwo. Lurwanu ya tsaya, bai zauna ba. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu.

"Ni na ɗauki aduwarka."

Faruku ya ɗaga kai. "Aduwa? Yanzu ana ta aduwa?"

"Ba ita kaɗai ba."

Ya faɗa masa duka, idonsa a kan yatsun ƙafarsa: dutsen, hawainiya, nonon, na ukun da ya ci da saninsa, da gambar da ya ɓuya a baya. Faruku ya ce ƙarya ne, zazzaɓi ke damunsa. Sai Lurwanu ya buɗe baki ya yi kiran, ƙasa-ƙasa. Maruƙan da ke ɗaure a turke suka miƙe gaba ɗaya suna jan igiya.

Faruku ya ajiye igiyar da yake tuƙawa.

"Kana wurin. Ka gan ni ina kuka."

"Na gan ka."

"Ka taya ni neman aduwar a ƙasa."

"Na taya ka."

Lurwanu ya jira mari, ya ma so a mare shi. Faruku ya ɗauki malfarsa da sandarsa kawai ya ce, "Mu tahi."

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, iska mai sanyi na kaɗa sabara. Da suka isa, hawainiya ta dubi Faruku ta ce, "Mai ɗiya ya zo. Yau babu tsayawa sai wanda ya tashi da kansa." Faruku ya razana, amma ya zauna a bayan aduwarsa. Ya dubi guraben kamar mai kallon rubutun da bai iya ba.

"Wancan za ka tura nan," in ji Lurwanu. "Ni zan janye wannan. Sai ka kawo na gefen."

Haka ya yi ta nuna masa yadda zai ci shi, har aduwa uku suka jeru. Faruku ya ɗauki kara ɗaya. Nan take Lurwanu ya ji hanyoyin da ke kansa sun rufe, dutsen ya koma masa duhu kamar da. Idon Faruku kuwa ya washe. Bai ƙara neman a nuna masa ba. Ya ci na biyu, ya ce, "Wannan na Shatu ne." Ya ci na uku, ya gyara murya ya yi kiransa, kiran ya tashi ya cika kufai har tsuntsaye suka watse daga kan kuka.

"Naka sun dawo," in ji Lurwanu. "Faruku, wallahi ni..."

"Wule ba ta dawo ba."

"Na sani. Don Allah ka..."

"Yi mini shiru!"

Faruku ya tura aduwa, ya fizgi kara. Lurwanu ya buɗe baki, babu abin da ya fito, ko nishi. Ya matsar da nasa ɗan, don dole ne ya yi wasa. Faruku ya sake ci, ƙafafun Lurwanu suka mutu kamar ba a jikinsa suke ba. Ya sake ci yana cewa, "Idon da ka kalle ni da shi," sai rana ta ɗauke, kuka ta ɓace, fuskar Faruku ta ɓace.

A cikin duhun ya ji muryar hawainiya. "In ka tashi yanzu, abin da ka ci naka ne. Haka zai zauna."

Ya ji Faruku ya miƙe. Ya ji an ɗauki sanda. Ya ji takun ƙafa a kan fasassun tukwane, yana nisa, yana nisa, har iska ta shanye shi.

Lurwanu bai ga laifinsa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne uwarsa za ta fito nema, a same shi a nan, kuma ba shi da bakin da zai gaya mata shi ya jawo wa kansa. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo masa a wuya. Ya tuna karansa marasa nauyi ne, in guraben suka cika za su taso su bi ruwa, wasan ba zai taɓa tashi ba. Ya lalubi dutsen ya kifa ƙirjinsa a kai, amma dutsen ya fi shi faɗi. Ruwa ya kece.

Sai ya ji takun gudu. Aka ture shi gefe da ƙarfi, aka kifa wani abu a kan dutsen, ya ji ƙarar ruwa a kan malfa.

"Matsa, wawa," in ji Faruku yana haki. "Kai ne da wasa. Kawo hannunka."

Faruku ya kama hannunsa ya cusa ƙarƙashin malfar, ya ɗora shi a kan kara. Lurwanu ya tura inda aka kai yatsansa.

"Ka yi haƙuri da abin da zai zo. Ban san mi za ta ɗauka ba, ni ba na son komai naka yanzu. Zan yi sauri."

Daga nan ƙarar ruwan ta ɗauke, don kunnensa ya tafi. Sanyin ya tafi. Ya nemi sunan uwarsa a kansa bai samu ba, ya nemi nasa, shi ma babu. Abin da ya rage masa a duniya hannu ne kawai mai kaushi, yana ɗaga nasa yana ajiyewa, yana ɗagawa yana ajiyewa. Sannan wannan ma ya tafi.

Da ya farka, ruwa na dukan fuskarsa, Faruku na jijjiga shi yana kiran sunansa da wata irin murya. Ya ga kuka, ya ga hadari, ya motsa yatsun ƙafa. Kara da aduwa na zube a gefen dutsen, cif, babu wanda ya ɓace. Reshen sabara babu kowa a kai. Da Faruku ya tabbata yana numfashi, sai ya sake shi, ya tattara aduwarsa, ya ɗauki jiƙaƙƙiyar malfarsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Lurwanu ya shiga gida jiƙe sharkaf, ya wuce ɗakin kakansa ya durƙusa, ya faɗi komai a gaban Barmo da Hadiza. Hadiza ta rufe baki da gyale. Da ya kai wurin da Zulai ta sa masa albarka, ta tashi ta fita, ta kasa zama. Barmo ya daɗe yana jan gemu.

"Kakana ya taɓa ba ni labarin dutsen nan," ya ce. "Na ɗauka tatsuniya ce. Amma ba dutse ya sa hannu a aljihunka ba."

Da safe suka je wurin Magaji don su fanso karsanar. Sun makara. Tun jiya ɗan Magaji ya kora ta kasuwar Gazawa, dillalai sun saye, an loda ta a mota an yi kudu da ita. Barmo ya dawo gida ya kwance tunkiyarsa mai ɗa, wadda yake ji da ita, ya miƙa wa Lurwanu igiyar.

"Kai za ka ja ta. Ta tsakiyar gari za mu bi. Duk wanda ya tambaye ka ina zuwa, ka ce za ka ba da haƙuri ne."

Mutane da yawa suka tambaya. Har mai igiya ya tambaya.

A ruga, Zulai na durƙushe tana tatsa, nono na zuba a ƙwarya kamar da. Abdu ya shimfiɗa wa Barmo tabarma. Lurwanu ya sake faɗin labarin daga farko, wannan karon da ƙarfi, don Barmo ya ce ba ya jin abin da ake faɗa wa ƙasa. Zulai ta daina tatsa tana saurare. Ba ta zage shi ba, ta dai juyar da fuskarta, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Abdu ya ce ba zai karɓi tunkiyar ba, tsakaninsu da gidan Barmo ya wuce haka.

"Ba biya ba ne, Abdu," in ji Barmo. "Na san ba a biyan saniyar yaro da tunkiya. So nake wannan ya ji nauyin igiya. Ka taimake ni ka karɓa."

Abdu ya karɓa. Ya juya ya dubi ɗansa da ke tsaye a bakin bukka, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙa masa sandarsa ta kansa ya ce rana ta yi, shanu na jira. Faruku ya wuce ta gaban Lurwanu kamar ya wuce kututture.

Bayan kwana biyu Barmo da Abdu suka tafi kufai da sa da igiya don su kife dutsen. Ba su same shi ba, sai shacinsa a ƙasa, inda ciyawa ba ta tsiro ba.

Sauran daminar Lurwanu bai je gindin bedi ba. In ya hango Zulai da ƙwarya a ka sai ya sauya hanya, har ran da Hadiza ta kama shi ta ce gudun ya isa, ya tsaya ya gaishe ta kamar ɗan mutane. Ya gaishe ta, ta amsa, ba ta ƙara komai a kai ba. Faruku kuwa ko a masallaci suka haɗu, sahu daban yake shiga.

Aka yi girbi, aka koma lakol. Ajinsu na zana ne, kowace shekara sai an sake kafa shi, mushe, wato malaminsu, ya ce kowane yaro ya kawo abin da ya samu. Barmo ya ba Lurwanu wata doguwar zana sabuwa. Ya naɗe ta ya ɗora a ka, amma ta fi ƙarfinsa, tana ta sulluɓewa ta baya, yara na wuce shi suna dariya. Ya kai rabin hanya sai ya ji nauyin ya ragu. Wani ya ɗaga ƙarshenta. Ba ya iya waiwayawa da kaya a ka, amma ya san takun.

Suka yi tafiya mai ɗan tsawo a haka. Lurwanu na ta neman abin da zai faɗa, duk wanda ya zo bakinsa sai ya ga bai isa ba.

"Ɗaga naka gefen," in ji Faruku daga baya. "Kana karkatar da ita."

Lurwanu ya ɗaga.